Daɓen da Aka Yi da Sunana

Shekarun baya, lokacin ina aji na farko a kolej, aka shimfiɗa mana ciyawar roba a bayan gidanmu, nan Filinge. Duk unguwa an san cewa don ni aka yi. Ni kuwa a lokacin ko an jefo mini ƙwallo, runtse ido nake yi in kare kaina da hannu biyu.

Mu biyu Allah ya bar wa mahaifiyata, ni da yayata, kuma akwai tazara tsakaninmu. Yayata ita ce 'yar fari. Wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta ido da ido, ba ta yabonta a gaban kowa. In za ta aike ta, ni take kallo ta ce, "Ke, ki ce ma waccan ta ɗauko min tsintsiya," ko da waccan ɗin ta fi ni kusa da ita. Tun da aka yaye ta, kakarmu ta Bonkuku ta ɗauke ta, can ta girma. Sai da kaka ta rasu ta dawo gida, doguwa, mai faɗin kafaɗa, baƙuwa a ɗakin uwarta.

Yayata ta san kunya ce irin ta manya, kowa ya sani. Amma ina ganin yadda take tsayawa a bakin ƙofa in Inna ta kwantar da kaina a cinyarta tana yi mini kitso. Takan tsaya kaɗan, kamar mai neman wani abu, sai ta wuce. Wata rana muna hanyar lakwal, wato makaranta, ta ce mini, "In na gama kolej Yamai za ni, wurin gwaggo. Ko hutu ba ni dawowa."

Na ce, "Inna fa?"

Ta ce, "Inna tana da ke. Wa zai lura ba ni nan?"

Ni dama magana ba ta zuwa mini sai bayan an tashi. Amma abin ya zauna mini a ƙirji.

Abin da yayata take so a duniya shi ne ƙwallon raga, balo kamar yadda muke cewa. In ta yi tsalle ta doki ƙwallo, har 'yan maza kan kauce. A shekarar, mushen wasanni, wato malaminmu, ya ce zai zaɓi 'yan matan da za su je Tilaberi wasan makarantu. Ya gaya mata dukan ƙwallonta ya yi kyau, saura ta koyi faɗuwa ƙasa ta tare ƙwallo. Filin kolej ɗinmu kuwa tsakuwa ce da ƙarangiya. Duk wadda ta faɗi, sai ta tashi da jini a gwiwa, ta zauna tana cire ƙaya a siket. Yayata ta faɗi ta gaji, har jikinta ya fara ƙin faɗuwar da kansa.

Kawuna, ƙanen Inna, direban babbar mota ne tsakanin Yamai da Filinge. Wata rana ya tsaya a ƙofar gida ya sauke wasu manyan naɗe-naɗe kore. Ya ce wani filin wasa aka sake wa shimfiɗa a birni, aka fitar da tsohuwar, shi ne ya roƙo. Yaran unguwa suka taru suna taɓawa. Ni na tsuguna gefe ina dubawa. Ciyawar gajera ce, ta kwanta gefe guda kamar gashin akuya, tana warin taya, kuma in ka girgiza ta sai baƙaƙen ƙwayoyi su zubo kamar kashin ɓera. Akwai farin layi a jikin wasu guntayen, wanda bai haɗu da na kowa ba.

Baba da kawu suka kwashe turken awaki daga bayan gida, suka share, suka shimfiɗa ta a kan rairayi, suka kakkafe gefe da manyan ƙusoshi. Wurin nan ne Inna take shanya kuɓewa da yakuwa. Ba wanda ya tambaye ta. Ta kwashe fayafayanta ta ɗora kan rumfa. Aka kafa itace biyu, aka ɗaura raga. Baba ya ja baya ya riƙe ƙugu yana cewa, "To, mi ya rage? Yamai ta zo gida."

Abin da ya rage shi ne rairayin Filinge ba ya tsayawa wuri guda. Da yayata da ƙawayenta suka fara gudu a kai, sai ciyawar ta fara tattarewa, nan tudu, can rami. Kafin a kira magariba ƙafarta ta sarƙe a wani ninki, ta zube. Ina kallon Inna a lokacin, tana daka a gindin itacen bedi. Taɓaryar ta tsaya a sama. Ta daɗe a saman nan fiye da yadda hannu kan iya riƙe ta. Da yayata ta miƙe tana ɗingishi, sai taɓaryar ta sauka.

Inna ta ce, "Ke, ki ce ma waccan mai tsalle ta gasa ƙahwar da ruwan zahi."

Yayata ba ta ga taɓaryar ba. Abin da ta ji kawai ta ji. A ɗaki ta ce mini, "Kin gani ko? Ko sannu."

Baba ya ce ba abin da zai riƙe ciyawar nan sai siminti a ƙarƙashi. Siminti kuwa, mai yawan da zai rufe wurin, ba abin da ake tashi da safe a saya ba ne a gidanmu. Aka naɗe ciyawar aka jingine ta da katanga, kaji suka mai da ita wurin hutawa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Inna ta ɗauki mayafi ta ce in raka ta. Muka shiga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai babbar murya wadda ba a daɓe a unguwa sai da ita, don ita ke ba da waƙa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da zafi. Sai na ji Inna ta ce, "Autata ce ta tasa ni gaba da kuka. Wai sai an daɓe mata wurin balo. Na ce bari in roƙi mata su taimaka min, ko na samu kunnena."

Na ɗaga kai na dube ta. Ta matse mini yatsa.

Dattijuwar ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wagga? Wagga da ko gaisuwa sai an jawo ta da igiya? Ke, yaushe kika fara balo?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Amma ta ƙasan ido na ga sun dubi juna, ita da Inna, kallo guda, gajere. Sai dattijuwar ta tafa hannu. "To, tunda auta ce, ai dole. Auta ba ta kuka mu zauna. Ki jiƙa makuba, muna tahe."

Haka muka bi gida-gida. A kowane gida labarin kukana yana ƙara girma. Kafin mu kai gida na ƙarshe, har abinci na ƙi ci. Ni da ban taɓa roƙon ko ƙarin miya ba.

Labari ya riga mu isa gida. Yayata na zaune bakin ɗaki da ƙafa a robar ruwan zafi. Ba ta dubi Inna ba, ni ta duba.

Ta ce, "Ni na faɗi, ke za a daɓe ma."

Inna na tsaye kusa, ba zan iya ƙaryata ta a gabanta ba. Daga ranar yayata ta daina jirana in za mu lakwal. Ta kuma gaya wa Baba ko an gyara, ita ƙafarta ba za ta taka wurin ba, a bar wa mai shi.

Aka yi shiri kamar za a daɓe ɗakin amarya. Amalanken jaki ya yi ta kawo jar ƙasa da burji daga gindin tudu. Kawu ya sayo ɓawon ɗorawa a kasuwar Baleyara, Inna ta jiƙa shi a tsohuwar randa har ruwan ya yi duhu. Shi ne makuba, shi ke sa daɓe ya yi tauri, ya yi sheƙi. Ranar aikin, mata suka shigo tun da hantsi, kowace da madaɓinta a hannu, wasu da goyo. An dama fura, an kwaɗa kopto, dafaffen ganye, a babban kwano. Yayata ta ɗauki littattafanta ta ce tana da bita a gidan ƙawarta.

Kafin a fara, dattijuwar ta ce, "To uwar ɗiya, daga ina zuwa ina? Auta ai ba ta da tsawo, tabarma biyu ta ishe ta."

Inna ta ce a'a. Ta je can jikin katanga ta tsaya. Sai ta ɗan tattare zaninta, ta yi wasu manyan taku, dogaye, na ƙarshen ta karkata hagu, ta dire daidai gaban raga. Na san takun nan. Na yayata ne in za ta yi duka, har da karkatar.

Inna ta nuna ƙasa da yatsan ƙafa. "Nan take tashi. Nan kuma take sauka, da ta hagu. A ƙara ƙasa nan." Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta gyara mayafi ta ce, "Ina nufin in ta girma."

Wata ƙaramar amarya ta fara dariya, aka zungure ta. Dattijuwar ta buga madaɓinta a ƙasa ta ɗaga murya, waƙa ta rufe maganar.

Mata suka jera, suka duƙa, madaɓai na sauka tare. Ana yayyafa ruwa, ana duka, ana ja da baya. Ƙasa har rawa take a ƙarƙashin ƙafata. Ni ce mai ɗauko ruwa, kuma ni ce abin waƙa. Dattijuwar na cewa auta mai balo ta hana uwarta barci, sauran na amsawa a daɓe mata ta yi shiru. Ta ce auta za ta doki balo ya faɗa can garin Sanam, suka amsa a daɓe mata ta yi shiru. Duk wadda na miƙa wa ruwa sai ta ja kumatuna. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige na ja ta na rufe.

Amma ina kallo. Inna ba ta shiga layi ba. Ta ware kanta a tsakiyar fili, daidai inda mai tare ƙwallo ke faɗuwa, tana bin burjin da tafin hannu. Duk tsakuwar da ta ji tana da kaifi, sai ta tono ta da farce ta jefa a ƙwarya. Ciyawa za ta rufe wurin, ba mai gani. Haka ta bi shi taki bayan taki.

Daɓe ba ya gamuwa rana ɗaya. Sai ya sha iska, ya tsage, a sake yayyafa makuba a sake bi. Mata sun dawo sun yi bi na biyu, suka ce ya yi. Amma in na dawo daga lakwal da rana, sai in tarar da wasu wurare da danshi, madaɓin Inna kuma a jingine bayan randa, bakinsa da jar ƙasa ɗanya. Kullum wurare biyun nan ne, wurin tashi da wurin faɗuwa.

Da ya bushe, Baba da kawu suka sake shimfiɗa ciyawar. Wannan karon ta kwanta lif, ko ninki ɗaya babu. Mata suka zo ganin aikinsu, suka ce sai mai wuri ta gwada. Aka tura ni tsakiya, aka ɗora mini ƙwallo a hannu. Na rufe ido na kai masa duka. Ban san inda ya bi ba, sai ƙarar murfin tukunya na ji, da kaji suna watsewa. Dattijuwar ta yi guɗa ta ce, "Kai, kukan ya yi rana!" Har Inna sai da ta rufe baki da mayafi.

Yayata tana ɗaki. Ba ta fito ba.

Fili ya zauna haka, kore, shimfiɗe, ba mai hawa sai ƙadangaru. Da rana ya yi zafi kamar tanda, da la'asar ya huce, ƙawayenta su zo su leƙa su koma. Zaɓen mushe na matsowa. Baba ya yi faɗa, ta ce ƙafarta ce ba ta warke ba, alhali na ga tana gudu in ta makara. Inna kuwa kullum da la'asar sai ta yayyafa wa ciyawar ruwa don ta yi sanyi, ta koma bakin murhu.

Wata safiya na bi yayata da gudu har na cim mata wajen famfon unguwa. Jakata na dukan bayana, numfashina na fita sama-sama. Na riƙe mata hannun riga. Tunda nake ban taɓa yin haka ba.

"Mi ne ne?"

"Ban yi kuka ba."

"Wane kuka?"

"Na balo. Ban roƙi komi ba. Yaya, ni tsoron balo nake, kin sani."

Ta tsaya tana kallona. Sai maganar ta ɓalle mini gaba ɗaya, ba kai ba gindi. Na gaya mata taɓaryar da ta tsaya a sama. Na gaya mata kallon da suka yi da dattijuwa. Na ajiye jaka a kan hanya na gwada mata takun da Inna ta yi, har da karkatar, wani mai amalanke na wucewa yana dubana. Na gaya mata tsakuwar da aka tono da farce.

Ta ce, "Ƙarya kike. Tausayina kike ji."

"To yaushe Inna ta ga takunki, in ba ta kallonki?"

Ta kau da kai.

Na ce, "In ta miƙo kwano da rana, ki dubi hannunta."

Ta juya ta kama hanya. Amma ranar tare muka shiga lakwal.

Da rana muka dawo, Inna ta zuba shinkafa da wake ta miƙo kwanon, kamar kullum, wajena. Yayata ta riga ni sa hannu. Tafin Inna ya yi bororo ya fashe, wani ya bushe, wani sabo, gindin yatsu duk ya yi ja. Farcenta biyu sun karye har nama. A jikin taɓarya kuma akwai tsumma da ta naɗa, wanda da can babu. Yayata ta riƙe kwanon ba ta zauna ba. Ta ajiye shi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan gwangwanin man kaɗe da kaka ta bar mata, wanda ko taɓawa ba ta bari in yi.

Ta miƙo mini. "Kai ma uwarki. Ki ce ta shafa."

Inna na zaune kan kujerar tsuguno, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Na juya na ce, "Inna, wai ki shafa."

Inna ta ce, "Ki ce ma waccan, hannun da ya saba daka ba ya son mai."

Na juya. "Wai ba ya so."

"Ki ce mata ba tambayarsa anka yi ba."

Na juya kuma, amma kafin in faɗa, Inna ta buɗe tafinta ta ɗora kan gwiwa. Na tsuguna na lakato man na fara shafawa. Ina ta dangwalawa kamar mai tsoron wuta.

Yayata ta yi tsaki. "Ba haka ake yi ba. Ke balo ba ki iya ba, shafa mai ba ki iya ba. Matsa."

Ta durƙusa ta kama hannun. Inna ta kau da kai can wajen katanga. Ta fara yi mini faɗa wai na bar ƙofar kaji a buɗe, wai ban wanke ƙwaryar fura ba, wai yaran yanzu ba su da lura. Ta yi ta faɗa. Yayata na murza man a hankali, yatsa bayan yatsa, kanta a ƙasa. Da ta gama na dama, Inna, tana cikin faɗan kaji, ta miƙa na hagu.

Ni na tsaya ina amsa "to, Inna, to," a kan laifin da ban yi ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Da la'asar yayata ta aika aka kira ƙawayenta. Ta hau filin, ta yi gudu, ta miƙe jiki ta faɗi da ƙirji, ta zame a kan ciyawa, ta tashi ba ko ƙwarzane. Ta sake, ta sake. Inna ta ba filin baya tana tsince wake, faifai a cinya. Waken nan har magariba ba a gama tsince shi ba.

Mushe ya zaɓe ta. Sun je Tilaberi, aka cinye su tun da wuri, suka dawo suna dariya da muryoyi a shaƙe. Da ta gama kolej ta tafi Yamai kamar yadda ta ce, can take karatu yanzu.

Ni abin da ya zauna mini daga wannan shi ne, a gidanmu kowa yana da abin da ba ya iya faɗa. Inna kunya ta rufe mata baki, yayata zuciya, ni kuma tsoro. Da ina ɗauka lura da nake yi, in yi shiru, ta isa. Ashe akwai ranar da abin da ka gani ba naka ba ne, na wani ne, sai ka bi shi da gudu ka miƙa masa. Har yau ba ni da yawan magana, a aji ma sai an kira ni. Amma in abu ya kai a faɗa, ina faɗa, ko da muryata na rawa.

Har gobe Inna ba ta kiran sunan yayata, kuma ba na jin za ta kira. Yayata kuwa ba hutun da ba ta zuwa. Duk ranar da motar Yamai za ta kawo ta, tun da hantsi Inna kan kira ni ta ce gishiri ya ƙare, in je in sayo, kuma na shagon bakin tasha take so, ya fi kyau. Gishiri na nan cike da gwangwani, ina ganinsa. Nakan ɗauki mayafina in tafi.